Ƙayar Bushiya, Hannun Nura

Gidanmu na Tudun Wada ba shi da wani abin nunawa. Ɗakuna ne a jere, da rijiya, da bishiyar gwaiba da 'ya'yanta ba su taɓa nuna ba saboda ba ma bari, sai rumfar kwano a kusurwa inda murhun Kaka yake. Kaka Saratu ita ta haifi babanmu. Shi ma'aikacin jinya ne, Mama kuma tana koyarwa a firamare, don haka yawancin yini a hannun tsohuwar muke. Da damina, in an ci tuwo magariba ta wuce, ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta tura ɗanyar masara cikin garwashi, ta jawo kujerarta, mu kuma mu matso: ni Hannatu, da yayana Ishaya, da Binta 'yar maƙwabtanmu, wadda ke tsallako guntuwar katanga da zarar babanta ya fita masallaci. Ruwa yana dukan kwano, hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Yanzu ni ma furfura ta fara yi mini sallama. Ina koyar da Turanci da adabinsa a wata sakandare nan unguwarmu, kuma abin da ya mayar da ni rumfar nan ba abin daɗi ba ne. An farfasa hannun wani ɗalibina mai suna Nura, hannun dama, ana saura 'yan makonni jarrabawar fita. An farfasa shi ne saboda wata tambaya da ni na koya masa, ni kuma a gaban murhun Kaka na koyo ta. Da abin ya faru na daɗe ina juya magana ɗaya a raina: in ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane tambayar nan, ko in rufe bakina in raba musu amsoshin hadda kamar yadda ake so.

Kaka ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta karkata kunne wajen ƙofa, ta ce, "Ga wata ta iso, tana tsaye a ruwa. A buɗe mata ko a bar ta?" Mu ce, "A buɗe mata, Kaka, ta sha ɗumi." In ta gama kuwa sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Ta tashi ta tafi, ta bar mana toka." Kuma ba ta taɓa cewa ga darasin labari. Wannan aikin namu ne, kuma da shi ake sayen masara. Wanda yake son a karya masa rabo sai ya faɗi wani abu game da tatsuniyar, ita kuma ta tsare shi da ido ta ce, "A ina na faɗa?" In ka nuna wurin, ka ci. In ka kasa, ka kalli bakin 'yan'uwanka. Na sha kwana da haushin tsohuwar nan, domin ni mai saurin baki ce, kuma mai saurin baki shi ya fi kowa shan wahala a wannan kasuwar.

Tatsuniyar da ta tsaya mini ita ce ta bushiya.

Ta ce a wata shekara aka yi yunwa a daji, har dabbobi suka tara ɗan geron da ya rage suka zuba a kogon kuka, suka liƙe bakin da laka, suka yi alkawari ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka a shuka. Wata safiya aka tarar an fasa lakar, gero ya ragu. Kafin kowa ya gama murza ido sai wata murya daga baya ta ce, "Gafiya ce!" Gafiya dama sunanta ya riga ya ɓaci. Aka jawo ta daga rami tana hamma, aka ɗaure ta a gindin kukar, kowa ya shiga karyo ƙaya.

A wancan zamanin, in ji Kaka, bushiya sumul take kamar sabon ƙwai. Ƙafafunta gajeru, shi ya sa ta iso a makare. A nan Kaka takan matse murya ta yi ta siririya.

"Sannunku da aiki. Wa ya ga ta ɗiba?"

Biri ya ce, "Kowa ya sani."

"Na ji kowa ya sani. Wa ya gani?"

Biri ya ce shi zomo ya gaya masa. Zomo ya ce shi a bakin kurciya ya ji. Kurciya ta ce ita ihun biri ne ya tashe ta. Sai wurin ya yi tsit. Kaka ma takan yi tsit a nan, ta bar mu muna jin masara tana fashewa a wuta, har sai Ishaya ya fara mutsu-mutsu.

Sai kura ta ce, "Ke kuwa me ya haɗa ki da ɓarauniya? Ko tare kuka ci?" Nan take taron ya juyo. Ƙayar da aka karyo don gafiya, a kan bushiya aka fara sauke ta. Ta dunƙule, ta cusa kai cikin ciki, suna ta jifa. Kurciya da ke riƙe da ƙaya a baki ta buɗe bakin, ƙayar ta faɗi, ta tashi ta bar wurin. Da suka gaji da bushiya suka koma kan gafiya suka kashe ta. Ruwa ya sauka, suka shuka abin da ya rage, suka ci suka ƙoshi. Ita kuwa bushiya ƙayar ba ta fita ba har yau, kuma tun daga ranar in ta ji motsin wani sai ta dunƙule, ba ta ƙara tambayar kowa komai ba.

Kaka ta kaɗe zani, ta ciro masara ta hura toka, ta ɗora a cinya tana jira.

Ishaya ya riga kowa. "Gafiya ba ta yi sata ba, zalunta aka yi."

"To maigida," haka take tsokanarsa, "a ina na faɗa?"

Ba ta faɗa ba. Ni kuma na ga dama ta samu, na ce, "Ashe ita ta sata."

"A ina na faɗa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ai Allah zai saka wa bushiya, tun da gaskiya ta faɗa."

"Hanne, Allah ya san aikinsa. Ni dai a ina na faɗa?"

Binta ce, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a hankali, "Kurciya ba ta yi jifa ba."

"A ina?"

"Kin ce ta buɗe baki, ƙayar ta faɗi."

Kaka ta karya rabin masara ta miƙa mata. Ni kuwa na fashe da kuka, rabi don masarar, rabi don bushiya. Na ce meye amfanin kurciya ɗaya, an kashe gafiya, an lalata bushiya, kura tana yawonta. Kaka ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Ban ce tana da amfani ba. Na ce ta saki ƙaya." Kukana ya fito da Mama daga ɗaki, ta ce, "Haba Inna, wannan ai ba tatsuniyar yara ba ce." Kaka ta tura itace cikin wuta ta ce, "Su yaran ba za su girma ba ne?" Daga baya ta gutsuro mini kaɗan daga nata, amma ta gaya mini sarai kyauta ce, ban ci ba.

Kaka ta rasu ina aji biyu a kwalejin horon malamai. Lokacin da aka miƙa mini alli aka ce ga ajina, sai na tarar da yara sun iya wata dabara ɗaya, kuma da ita suke shiga kowace jarrabawa. Ko wane littafi ka ba su, ko wasan kwaikwayo ne ko waƙa, amsar ɗaya ce: marubucin yana koya mana mu zama mutanen kirki, mu yi biyayya, mu guji son zuciya. Za su cika shafi biyu da wannan da Turanci mai ƙyalli, ba tare da sun taɓa jikin littafin ba. Ban san lokacin da jan birona ya fara rubuta kalmomin Kaka a gefen takardunsu ba. Na ce musu sakin layi murhu ne, duwatsu uku yake so: abin da ka ce, wurin da littafin ya nuna haka, da bayanin yadda wurin ya tallafi maganarka. In ka cire dutse ɗaya tukunya ta kife. Ba a yi nisa ba suka laƙaba mini suna Malama A-ina. Suna tsammani ban sani ba, alhali ni sunan daɗi yake yi mini.

Nura ɗan wani tela ne a Gyallesu, Malam Sabi'u. Dogo ne, siriri, mai zama a baya kusa da taga, rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Insha'insa na farko da na duba, sai da takardar ta koma kamar an yanka zakara a kanta. Ya zo ya same ni a ofishin malamai, fuska a murtuke, ya ce, "Malama, ai haka yayana ya rubuta, kuma ya ci." Na ce masa yayansa ya ci, shi kuma zai iya ci, amma a ajina sai ya nuna mini layi. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Sai a shekara ta biyu abin ya kama shi, kuma da ya kama shi bai sake shi ba. Muna karanta wani labari inda duk mutanen gari suka yarda wata mata ce ta sa wa mijinta guba. Ajin gaba ɗaya ya rubuta cewa muguwa ce. Nura ya ɗaga hannu ya ce ya bi littafin daga farko har ƙarshe, ba inda aka ga ta zuba komai, mai ba da labarin ma a bakin maƙwabciya ya ji. Aji ya kaure da musu har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya ji. Ranar na koma gida ina tafe kamar an yi mini ƙarin girma. Ban ɓoye ba, na yi alfahari da yaron nan, kuma na sa rai a jarrabawar fita zai fitar da ni kunya a gaban masu cewa hanyata ɓata lokaci ce.

Wata Asabar da rana babansa ya aike shi Kwangila ya karɓo yadi. Yana cikin tafiya aka yi ihun ɓarawo. Wai waya aka sace. Kafin ka ce me, an cafke wani saurayi, an kai shi ƙasa, masu katako da masu dutse sun kewaye shi. Nura ya kutsa ciki. Waɗanda suka ga abin sun ce bai zagi kowa ba, bai riƙe hannun kowa ba. Cewa ya yi, "Wa ya ga ya ɗauka? Ina wayar? An duba aljihunsa?" Sai wani daga baya ya ce, "Abokinsa ne, tare suke!" Nura ya kare kansa da hannun dama, katako ya yi ta sauka a wurin. Saurayin da aka kama bai kai asibiti ba. Har yau ban san sunansa ba, kuma ban sani ba ko ya ɗauki wayar ko bai ɗauka ba.

Ran Lahadi bayan sujada a coci na wuce asibitin ko gida ban biya ba. A baranda na tarar da Malam Sabi'u a zaune a kan benci, da zare a maƙale a hannun rigarsa, alamar daga kan keken ɗinki aka kira shi bai koma ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje. Ya amsa da mutunci, har ya tambayi mutanen gida. Da ya yi mini ihu da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Malama, ke ce mai koya musu Turanci?"

Na ce ni ce.

"Na daɗe ina jin labarinki. A gida ya ishe mu. Uwarsa ta ce an ce wance ta yi kaza, sai ya ce wa ya gani. Muna dariya, muna cewa boko ya shiga kansa." Ya kalli tafin hannunsa. "Likita ya ce yatsun ba lallai su ƙara lanƙwasa ba. Ba biro, ba almakashi. Ni makaranta na kai shi ya koyi Turanci ya ci jarrabawa, ban kai shi ya koyi tsayawa gaban mutanen da idonsu ya rufe ba. Ke kin san garin nan, a nan aka haife ki. Da kika koya masa tambayar, kin koya masa inda ba a yin ta?"

Ya ce, "Ba na riƙe ki a zuciya, abin da Allah ya rubuta ne. Amma don Allah ki koya musu abin da zai fito a takarda, ki bar mana 'ya'yanmu da hannuwansu."

Na shiga ɗakin ina fatan, Allah ya gafarta mini, in tarar da jarumi. Na so yaron ya ce mini ko gobe zai sake, don in samu abin da zan riƙe. Abin da na tarar yaro ne a ƙudundune a gefen gado, fuska a kumbure, hannu a naɗe har gwiwa, ya juya wa ƙofa baya. Na kira sunansa. Da ya yi magana, bango yake yi wa.

"Malama, ba wanda ya amsa."

Na ce na ji.

"Mai wayar ma ban gan shi ba. Ban san ko akwai shi ba." Ya ƙara da cewa, "Da na sani da na wuce abina. Ai duk da haka sun kashe shi."

Na ɗora hannu a kan ƙafarsa, ya janye. Ban ce masa ya yi daidai ba, ban kuma ce ya yi kuskure ba. Duk wanda na faɗa a cikin biyun, da ya tambaye ni a ina, ba ni da wurin nunawa.

Da na fito, wani mai keke Napep ya tare ni a bakin ƙofa. Magidanci ne, ya girmi Nura nesa ba kusa ba. Ya ce ya ji ana kirana Malama, yana son sanin yadda yaron ya kwana, shi ya kawo shi jiya. Na yi masa godiya, na ce Allah ya saka masa. Ya girgiza kai ya kawar da fuska.

"Kar ki gode mini, Malama. Ni ma da dutse a hannuna. Na ajiye keke na sauko na ɗauke shi. Da yaron ya ce wa ya gani, sai na duba, wallahi ni ban ga komai ba, ihu kawai na ji. Sai na ji dutsen ya yi mini nauyi." Ya share fuska da gefen rawaninsa mai ƙura. "Ban hana su ba. Tsoro na ji. Sai da suka koma kan wancan na ja wannan na saka a keke."

Na tsaya ina kallonsa har ya tayar da keken ya tafi. Abin da ya zo mini shi ne fushin da na yi a rumfar Kaka, bai rage ko kaɗan ba. Mutum ɗaya ya ajiye dutse. An kashe wani, an nakasa wani, masu katako sun koma gida sun ci tuwo. Idan ciniki ne, an cuce mu.

Shugaban makarantarmu ya kira ni da safiyar Litinin. Mutumin kirki ne, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ya ce iyaye sun fara magana, jarrabawa ta matso, ga amsoshin da aka saba rabawa a shirye, in ba yara su haddace, maganar muhawara a bar ta sai wani zangon. Ya turo mini tarin takardun, na ɗauka ban yi musu ba. Na riƙe su a ƙirji har ƙofar aji, kuma da niyyar rabawa na shiga.

A hanyar nan, tsakanin ofis da aji, na yi ta faɗa da Kaka a zuciyata. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa ka yi tambaya. Da na ga hannun Nura na ce a'a, ashe cewa take kar ka yi, dubi yadda bushiya ta ƙare. Amma duk wanda na ɗauko sai in ji muryar nan tana tambayata wurin, kuma babu. Tsohuwar ba ta yi wa kowa alkawarin tsira ba, ba ta kuma ce a yi shiru ba. Ta nuna mana ƙaya, ta nuna mana gawa, ta nuna mana bakin kurciya da ya buɗe, ta bar mu da su. Ni ce na ɗauki tambayarta na kai aji na bar ƙayar a rumfa. A takarda tambayar ba ta jawo komai sai maki, kuma haka yarana suka san ta. Wannan shi ne abin da Malam Sabi'u ya tambaye ni a baranda.

Ajin shiru kamar gidan makoki. Kujerar da ke kusa da taga ba kowa, kuma ba wanda ya yarda ya kalle ta. Na ajiye takardun a kan tebur. Na ce su rufe littattafai, yau ba Turanci za mu fara da shi ba. Na ba su tatsuniyar bushiya da Hausa, tun daga kogon kuka har shukar gero, ban rage ƙaya ko ɗaya ba. Ban iya matse murya irin ta Kaka ba.

Da na gama, wani yaro a gaba ya ce, "Malama, wato mutum ya yi shiru kawai ya tsira da ransa." Ban ma buɗe baki ba wasu suka amsa masa daga baya, can ƙasa-ƙasa, "A ina aka faɗa?" Ba wanda ya yi dariya.

Sai wata yarinya mai suna Rifkatu, wadda ke zama gaban Nura, ta miƙe. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Malama, to a ina aka ce wanda ya yi tambaya yana tsira?"

Na ce, "Ba a ce ba."

"Kuma kina so mu riƙa yi?"

Na ce mata a kan takarda dole ne, ba zan karɓi sakin layin da ba shi da hujja ba ko ranar da zan bar aikin nan. A kan titi kuwa ba zan aiki ɗan kowa ba, ba ni da wannan ikon, kuma yanzu sun ga kuɗinsa da idonsu. Na ce abu ɗaya kawai nake roƙo. In wata rana aka yi ihu, suka ga kansu a cikin taro da wani abu a hannu, su yi wa kansu tambayar ko da bakinsu bai motsa ba. Na ba su labarin mai keke, yadda ya faɗa mini, har da tsoron da ya ji.

Takardun haddar suna nan a kan tebur, na ce mai so ya ɗauka in an tashi. Da yawa sun ɗauka, ban ga laifinsu ba. Sannan na juya na rubuta tambayar ranar a allo, na ce sakin layi ɗaya, duwatsu uku.

Nura bai zauna jarrabawar ba. Babansa bai mayar da shi makarantarmu ba, ni ma ban je roƙo ba. Nakan hango shi wani lokaci in na bi ta Gyallesu, yana zaune a ƙofar shagon yana miƙa wa babansa zare da hagu, dama kuma a cikin aljihu. Yana gaishe ni da ladabi, ya sunkuyar da kai, ba ya barin gaisuwar ta yi tsawo. Rifkatu ta ce mini yana koyon rubutu da hagu, amma ban gani da idona ba, don haka ba zan ce ba.

Rumfar Kaka ta daɗe da rushewa, an yi shago a wurin. Da damina nakan sayi gasasshiyar masara a bakin titi in zo da ita gida, in zauna in karya ta biyu kamar yadda take yi. Har yanzu ina jin haushin tsohuwar nan. Na so a ce ta ƙara layi ɗaya a tatsuniyar, ko na ƙarya ne, inda wani ya zo ya zauna ya cire wa bushiya ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Da ina da shi da na kai wa Nura tun a asibiti. Na bi labarin daga farko har ƙarshe, na sake bi, kamar yadda na koya masa. Ba ta faɗa ba.